Babur ɗin daji ga dattijo: a fara duba nauyi da tsayin sirdi

Duk wanda ya saba hawan babur a hanyar da babu kwalta ya san cewa sau da yawa ba a cikin gudu ake faɗuwa ba. Mutum zai rage wuta a bakin kwazazzabo don ya duba ta inda zai bi, ya sauke ƙafar hagu, sai ƙafar ta tarar da rami. Tazarar ba ta wuce taƙi ɗaya ba, amma kafin yatsu su taɓa ƙasa babur ya riga ya karkata, nauyinsa ya rinjayi cinya da hannu, sai ka ji shi a ƙasa rim. Saurayi ɗan shekara 25 zai miƙe ya kakkaɓe ƙura, ya cicciɓi abinsa ya wuce. Dattijo ɗan shekara 65, musamman idan ba dogo ba ne, irin wannan faɗuwa kan iya raba shi da babur har abada.

A Amurka da Turai da Japan da Ostareliya, hawan babur cikin daji da tsaunuka abin shaƙatawa ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fara shi tun suna samari yanzu furfura ta cika musu kai, amma ba su da niyyar dainawa. A wurinmu kuwa aiki ne ke sa mutum ya bi irin wannan hanya: malamin gona da ke zaga ƙauyuka, ma'aikacin lafiya mai kai allurar rigakafi rugage, manomin da gonarsa ke bayan rafi. Dalilin hawan ya bambanta, amma tambayar ɗaya ce: wane babur ne ya dace da mutumin da ƙarfinsa ya fara ja baya, ƙafarsa kuma ba ta da tsawo?

Ba don ado ake yi wa baburan daji dogayen ƙafafu ba. Ana son cikin injin ya yi nisa da ƙasa don kada ya daki dutse ko kututture, ana kuma son sifirin gaba da na baya su sami wurin lotsawa idan an faɗa rami. A baburan tsere wannan lotsawa takan kai kusan santimita 30. Ga tayar gaba mai inci 21, wadda ke haye gargada cikin sauƙi. Idan aka haɗa waɗannan duka, dole sirdi ya yi sama.

A nan ne matsalar take, domin baburan da suka fi rashin nauyi su ne suka fi tsayi. KTM 350 EXC-F nauyinsa bai kai kilo 110 ba idan babu mai a tanki, amma sirdinsa ya kai kusan santimita 96. Mutum mai matsakaicin tsawo ma da ƙyar yake taɓa ƙasa a kansa. Ga shi da inji mai zafin rai, ana ɗan murɗa hannu ya zabura. A ɗaya ɓangaren akwai manyan baburan dogon zango irin su BMW R 1250 GS, mai nauyin kilo 249, wato kusan buhun siminti biyar. Sirdinsa bai kai na KTM tsayi ba, amma ranar da ya kwanta a cikin yashi, kuma babu kowa kusa, mai shi zai san ya yi saye.

Jiki kuma ba ya jiran kowa. Likitoci sun nuna cewa bayan shekara 30 tsokar mutum takan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan shekara 60. Ƙashi yana rage ƙwari, gwiwa da ƙugu ba sa buɗewa kamar da, ɗaga ƙafa a tsallake dogon sirdi ma ya zama aiki. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Brown ta Amurka, aka wallafa a 2013, ya gano cewa idan aka yi haɗarin babur, 'yan shekara 60 zuwa sama sun ninka matasa kusan sau uku wajen yiwuwar a kwantar da su a asibiti. Ba na kawo wannan don in ce dattawa su ajiye babur ba. Mutumin da ya shekara 40 yana hawa ya fi yaro sanin hanya, ya fi shi haƙuri da hangen nesa. Abin da yake buƙata shi ne babur da zai bar wannan ƙwarewa ta yi masa aiki.

Mutanen Japan sun daɗe da fahimtar haka. A 1985 kamfanin Yamaha ya fitar da Serow 225, aka sa masa sunan wata dabbar tsauni mai kama da akuya. An yi shi ne don a bi siririyar hanya a hankali, ana tafiya ana dafa ƙasa da ƙafa idan ta kama, ba tare da jin kunya ba. Magajinsa, XT250, nauyinsa kilo 132 ne da cikakken tanki, sirdinsa bai wuce santimita 83 ba. Ɗan'uwansa TW200, wanda ake ƙerawa tun 1987 ba tare da wani babban sauyi ba, ya fi shi gajarta: santimita 79, kilo 126, ga tayoyi masu faɗi da ba sa saurin nutsewa a rairayi. Matasa kan raina shi saboda ba ya gudu, kuma gaskiya ne sifirinsa ba ya jure a afka wa ramuka da ƙarfi. Amma ga wanda burinsa ya je ya dawo lafiya, ni a ganina samun kamarsa sai an tona.

Sauran kamfanoni ma sun farga. Honda ta ga cewa CRF300L mai sirdin santimita 88 ya fi ƙarfin mutane da yawa, sai ta fitar da CRF300LS mai santimita 83. Kawasaki ta yi haka da KLX230 S. Akwai kuma Honda CT125, mai nauyin kilo 120 ko ƙasa da haka kaɗan, wanda ba shi da hannun kuloci, giya kawai ake takawa, abin da zai yi wa mai ciwon yatsu daɗi. Wanda ke yawo a ƙauyukanmu kuwa wataƙila ya san Yamaha AG100 da AG200, waɗanda asali aka yi wa makiyayan Ostareliya da New Zealand, daga baya ƙungiyoyin lafiya irin su Riders for Health suka riƙa ba ma'aikatansu a ƙasashen Afirka.

Sai dai kada lambar da ke jikin takarda ta ruɗi mai saye. Babura biyu na iya zama tsayi ɗaya, amma mai faffaɗan sirdi zai ware cinyoyi ya cinye tsawon ƙafa, siririn kuma ya bar ta ta sauka kai tsaye. Sannan tsayin da kamfani ke rubutawa na babur ne babu kowa a kai. Idan mai nauyin kilo 90 ya zauna, sifiri zai lotsa sosai. Mai kilo 55 kuwa da ƙyar zai motsa shi, don haka ƙaramin mutum ya fi kowa shan wahalar tsayi. Haka nauyi ma: inda yake zaune ya fi yawansa muhimmanci. Lita ɗaya ta fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, kuma tanki a sama yake, shi ya sa babur mai ƙaton tanki ya fi saurin rinjayar mutum idan ya karkata.

Wanda ya riga ya mallaki dogon babur yana iya rage masa tsayi. Mafi sauƙi shi ne a kai sirdin wurin mai ɗinki ya yanke soson, ya kuma sassaƙe gefe da gefe. Santimita biyu ko uku da za a samu ta nan ba sa taɓa komai a tafiyar babur. Bayan haka akwai sassauta sifirin baya ko sa mai laushi daidai nauyin mahayi, akwai kuma ƙarfen da ake sauyawa a ƙarƙashin sifirin don baya ya sauka. Wannan na ƙarshe yana son bakanike mai hankali. Idan aka sauke baya aka bar gaba, kan babur zai yi nauyin juyawa. Cikin injin zai matso kusa da ƙasa, taya na iya dukan madigadi a babban rami, kuma dole a rage tsawon jak, in ba haka ba babur zai tsaya ƙyam, iska kaɗan ta kayar da shi.

Abu ɗaya da bai kamata dattijo ya yi ciniki a kansa ba shi ne sitata. Buga kik a kan gangare, ƙafa ɗaya a cikin taɓo, bayan an gama fama da ɗaga babur, ba abin da gwiwar mai shekaru za ta so ba ne. A kuma tambayi masu kayan gyara na garin tukuna, domin babur mai kyau da za a yi wata biyu ana jiran kacarsa ba shi da amfani ga malamin gona a tsakiyar damina.

Kafin ka biya kuɗi, hau ka zauna da takalmin da za ka riƙa hawa da shi. Ba lalle ƙafa biyu su shimfiɗu ba, amma ɗaya ta zauna daram ba tare da ka zame daga sirdi ba. Sannan ka nemi izinin mai shi a kwantar da babur a kan ciyawa, yana cikin giya, ka juya masa baya, ka durƙusa, ka kama hannun babur ɗaya da ƙarfen baya, ka tura da ƙafafu ba da ƙugu ba. Idan ka ɗaga shi sau biyu a jere ba ka nemi taimako ba, ku yi ciniki. Idan ka kasa a nan, da sauran ƙarfinka, to a daji ma ba za ka iya ba. Nemi wanda ya fi shi sauƙi, ka haɗa da hular kwano da takalmi mai rufe idon sawu.