Zaren da ke riƙe da hannun 'yar rawa

Na daɗe ina jin ana cewa hoto ba ya ƙarya, ni ma na ɗauka haka ne, sai ranar da na ƙura wa wani tsohon hoto ido, wanda Baturen Ingila Roger Fenton ya ɗauka a shekarar 1858. Ga wani basarake zaune cikin tufafin Turkawa, ga makaɗi a gefe, ga wata mata tsaye ta ɗaga hannuwa tana rawa. Duk wanda ya gani zai rantse a wata fada ta Istanbul ko Alƙahira aka ɗauke shi, alhali a ɗakin ɗaukar hoton Fenton ne a Landan. Basaraken Fenton ne da kansa, makaɗin kuma abokinsa ne mai zane, Frank Dillon. Mai lura da kyau zai hango zaren da aka ɗauro daga sama yana riƙe da hannun matar, domin na'urar wancan zamani sai mutum ya tsaya cak kafin hoto ya fito.

Tun daga 1839, lokacin da aka bayyana fasahar Daguerre a Faransa, Turawa suka sami sabuwar hanyar tabbatar wa kansu Gabas ɗin da suka daɗe suna karantawa a hikayoyi. Kasuwar ta bunƙasa har a ƙasashen Gabas ɗin kansu. Félix Bonfils ya buɗe shagonsa a Beirut a 1867, yana sayar wa masu yawon buɗe ido hotunan mutanen da aka shirya a gaban labule mai zane. Baƙin ma sukan ari rawani da alkyabba a irin waɗannan shaguna, a ɗauke su, su koma gida da abin nunawa.

Da abin ya tsaya nan, da sai mu kira shi wasa. Amma marubucin Aljeriya Malek Alloula, a littafin da ya wallafa a 1981, ya nuna yadda masu hoto na zamanin mulkin Faransa, da suka rasa hanyar shiga gidajen mutane, suke hayar mata su tuɓe musu lulluɓi, sannan a buga hotunan a katin gaisuwa da sunan haka matan ƙasar suke. Edward Said ya riga ya bayyana a 1978 cewa irin wannan siffantawa da mulkin mallaka tare suke tafiya, domin wanda aka nuna a matsayin malalaci mai son holewa ya fi sauƙin a ce yana buƙatar mai riƙe shi.

Sarkin Daular Usmaniyya Abdulhamid na Biyu ya gane haka. A 1893 ya aika wa babban ɗakin karatu na Majalisar Amurka kundi 51 na hotunan makarantu da asibitoci da sojoji da jiragen ruwa. Shi ma zaɓa ya yi, ya nuna abin da yake so a gani, amma dai da bakinsa ya yi magana.

Abin da ke damuna shi ne yadda a yau muke yaɗa irin waɗannan hotuna a Facebook a matsayin shaidar yadda Musulmin dā suka rayu, har ɗalibai su kafa hujja da su. Kafin mu gaskata tsohon hoto, ya kamata mu tambayi wanda ya ɗauka, da wurin da aka ɗauka, da wanda aka yi niyyar sayar wa.