Mene ne "tsarin birni" da ake yawan ambata a Kaduna?

Da an shafa wa gini jan fenti, sai ka ji jami'ai suna cewa ya saɓa wa tsarin birni. Wannan tsari kundi ne haɗe da taswira, mai fayyace inda za a yi gidaje, kasuwa, titi da magudanar ruwa. Kamfanin Max Lock na Ingila ne ya zana na Kaduna a 1967, aka sabunta shi a 2010.

Hukumar KASUPDA ke ba da izinin gini, KADGIS kuma ke kula da takardun filaye. A tsohuwar unguwa mai cunkoso irin Abakpa abin ya fi ciwo: ko shago ɗaya maigida zai fitar daga zaurensa sai da izini, in ba haka ba rusau na iya biyo baya.