Tabla: ragon turke, shaidar mai neman aure

Wanda ya bar Yamai ranar Lahadi da sassafe ya kama hanyar Filinge, kafin ya ci kilomita 100 zai tarar hanya ta cushe da kamyo da amalanke. Nan ne Baleyara, ranar ce kuma kasuwarta ke ci, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin bisashe na yammacin Nijar. Garin Tabla yana nan kusa, cikin ƙasar Tagazar, a kwarin Dallol Boso inda rijiya ba ta da zurfi, inda gawo da goriba suka samu wurin zama. Ƴan kasuwa sun san yankin da ƙidayar kawuna: raguna nawa aka loda, shanu nawa suka nufi Yamai ko Najeriya. Amma akwai wani lissafi da ba ya shiga takardar mai karɓar haraji. Da yawa daga cikin bisashen da ake jawowa ɗaya-ɗaya da igiya ba daga garke suka fito ba. Daga bayan ɗakin wani saurayi suka fito, ko wata budurwa, ko wata bazawara, kuma da kuɗinsu ake shirin aure.

Masu karatu da suka taɓa zama Faransa sun san cewa a can kusan gida ɗaya cikin biyu yana riƙe da kare, ko kyanwa, ko tsuntsu, ko kifi. Marasa aure sukan gamu wurin yawo da kare, har an kafa dandali a intanet domin masu son dabbobi su nemi juna. Saurayin da bai jitu da karen budurwa ba, sai ya nemi wata. Ba a rasa mai yi wa wannan dariya a majalisa. Sai dai ɗaya daga cikin karnukan da ake taƙama da su can, daga nan ya tashi: karen Azawak, mai dogayen ƙafafu da lafaffen ciki, wanda Abzinawa ke kira oska. An fara kai shi Turai cikin shekarun 1970, babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka kuma ta shigar da shi cikin kundinta a 2019. Dallol Boso kuwa ci gaban kwarin Azawak ne, wanda ya gangaro daga arewa ya ratsa Filinge da Baleyara kafin ya kai kogin Kwara.

A Tabla ba a ɗinka wa kare riga. Wurinsa bakin garke ne, da gona, da farauta, ko da yake mazhabar Malikiyya ba ta ɗauki jikinsa najasa ba. Kyanwa tana da alfarmarta saboda ɓerayen rumbu. Amma wanda ke son ya ga ƙaunar da ke tsakanin mutum da bisa, sai ya je gindin turke.

Bayan kaka ne saurayi ke sayen ramammen ɗan rago, in da hali bali-bali, fari mai dogon kunne, ya kafa masa turke a inuwa. Daga ranar nan ya ɗaure kansa tare da shi. Akwai harawar wake da za a boye kan rumfa tun kafin ta yi tsada, akwai dusa, akwai ƙasari da za a roƙa wurin masu surfe, akwai ƴaƴan gawo da za a tsinto da sanyin safiya kafin awakin gari su riga shi. A ba shi kanwa, a wanke shi da sabulu, a cire masa kaska, a rataya masa laya saboda baki. Wani har suna yake sa masa, ragon kuma ya san takunsa, yana jin ya shigo gida sai ya ɗaga murya. Haka za a yi wata huɗu, biyar, shida, har babbar salla ta gabato.

Dattawa ba su karanta wannan a matsayin wasa. In an zo binciken mai neman aure, bakin saurayi ba shaida ba ne, kowa ya san zaƙin bakin mai so. Abokansa ma nasa ne. Rago kuwa bai iya ƙarya ba. In gashinsa na sheƙi, wurin kwanansa a share, an san mai shi yana tashi da wuri, yana iya hana cikinsa ya ba wani rai, kuma bai da saurin hannu wajen duka. In an tarar da bisa ɗaure cikin rana, kwarya a bushe, tsohuwar da aka aika ba ta bukatar tambayar kowa. Za ta sha ruwa, ta yi sallama, ta kai labari.

Shaidar tana da rauninta. Samarin wannan yanki da yawa suna tafiya cin rani Kwatano, Lome ko Abijan da zarar an ɗaure dammuna, su bar ragon hannun uwa ko ƙanwa. Su dawo da rediyo da sabon yadi, su tarar da shi ya cika turke, yabo kuma ya tafi gare su. Matan gari sun san wadda ta ɗebo ruwan.

Domin kiwon gida, in an bi diddigi, na mata ne. Yarinya takan fara da kaza daga ribar talla, kaza ta zama akuya, akuya ta zama tunkiya. Wata tun ranar sunanta kakarta ta ba ta ƴar akuya, suka girma tare. Abin da wannan akuya ta haifa shi ne kwanoni da katifa da gado ranar da za a kai ta ɗaki. Ga bazawara kuwa abin ya wuce kayan ɗaki. Wadda ke da tumaki uku a gidan ubanta ba ta cikin gaggawa. Tana iya sauraren mai zuwa zance, ta auna shi, ta ce a'a ba tare da tunanin tuwon gobe ba. Wadda ba ta da ko kaza, sau da yawa yunwar gida ke zaɓa mata miji.

Nan ne kuma rigima take. Ƙasar Spaniya sai a 2022 dokarta ta fara aiki wadda ta ba alƙali ikon yanke wanda zai riƙe dabbar gida in aure ya mutu. Shari'ar Musulunci ta daɗe da raba wannan gardama: dukiyar mace tata ce, da ita ta zo, da ita za ta tafi. Amma tsakanin hukunci da tsakar gida akwai tafiya. Maigida ya ari tunkiya don iri, ya ari wata don haraji, wata don ragon suna, da alkawarin biya bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce. Ranar da aka kai ga saki, a gaban mai gari, sai a ji ana musu kan tunkiyar da aka ci tun shekara bakwai, babu takarda, babu shaida sai maƙwabciya. Iyayen da ke duba ragon saurayi kafin aure, da sun riƙa ƙidaya tumakin ɗiyarsu gaban shaidu ranar kai amarya, da an rage wannan.

Saurayin da bai gaji garke ba yana da wata ƙofa, wadda Fulani suka buɗe tun kaka da kakanni, wato habbanaye. Mai shanu ya ba shi aron karsana, ya yi kiwonta har ta haihu, galibi sau uku, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma gida. Makiyayi yakan kula da saniyar habbanaye fiye da tasa, don amana ce kuma idon jama'a na kanta. Ƙungiyoyin agaji sun ari wannan dabara, suna ba matan ƙauye awaki, sau da yawa jar akuyar Maradi, a kan ƙa'idar miƙa wa ta gaba.

Can arewa, ƙasar Kurfai da Mayaƙi ke sarauta a Filinge, doki ne ya yi suna. Saurayin da ya iso dandali bisa doki mai kyau ya gama rabin magana kafin ya sauka. Moto ya zo ya ture doki, sai kuma hukuma ta hana yawo da moto a sassa da dama na jahar Tilaberi a watan Janairun 2020 saboda ƴan bindiga. Gaba da Filinge kaɗan akwai Tukunus, gidan kiwon gwamnati da ke tace irin shanun Azawak tun 1954, jajayen shanu masu nono. Ma'aikaci nawa ne ya yi aiki a yankin bai yi mafarkin karsana ɗaya irin wannan ba?

Ma'aikatan ma suna da nasu labarin. Mushen lakwal ko ma'aikacin likita da aka turo ƙauye, tuzuru, babu dangi, wani lokaci ko harshen garin bai ji sosai, abin da yakan fara yi shi ne ya sayi tattabaru ko ɗan rago don kashe kewa. Rago na bukatar dusa, dusa kuwa tana hannun mata. Ta haka yara ke fara shiga gidansa da kwarya, ta haka ake sanin ko mai kyauta ne ko marowaci, ta haka shi ma yake sanin gidan wane ne ke da budurwa. Waɗanda suka yi aiki cikin shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin wata da watanni bai fito ba, suna tune da cewa ragon nan ne ya tsare musu mutunci. In takardar canjin wurin aiki ta zo, a bar shi ajiya a wani gida. Zaɓen gidan ba ya zama kuskure.

Abin da ke taɓa bisa kuwa yana taɓa aure. Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun share garake, samari suka watse, aka ɗaga aure da yawa har sai da turaka suka sake cika. Cikin ƴan shekarun nan masifar ta canza kama. Wajen Abala da Banibangu ƴan bindiga sun riƙa kora bisashen mutane da sunan zakka, kuma a watan Maris na 2021 an kashe aƙalla mutum 58, wasunsu a hanyar dawowa daga kasuwar Banibangu. Wanda ya gudo kudu da tabarma kawai ya bar gona, ya bar gida, ya bar kuma abin da zai nuna wa surukai.

Ko inda ake zaman lafiya, farashi na hannun wasu. Iyakar Najeriya ta kasance rufe daga juyin mulkin 2023 har zuwa watan Maris na 2024. A watan Mayun 2025, gab da babbar salla, ma'aikatar kasuwanci ta hana fitar da bisashe waje domin rago ya yi sauƙi ga mai layya. Ma'aikacin Yamai ya yi maraba da wannan, kuma yana da hujja. Sai dai kowace jika da ta ragu masa, daga hannun wani ta fita, kuma ba kullum ne hannun babban falke ba. Budurwar da ta yi wata shida tana tsintar ƴaƴan gawo ba ta san da takardar ba sai a bakin dillali, lokacin da ya duba haƙoran ragon, ya matsa gadon bayansa, ya faɗi kuɗin da bai kai na gado da katifa ba. Wasu sun sallama. Wasu sun jawo igiyarsu sun koma gida, aka aika wa dangin ango a ƙara wa ranar da aka sa wata biyu.