Kisan Jinƙai da Janye Na'urorin Farfaɗowa a Mahangar Fiƙihun Musulunci

Abin da Larabawa ke kira ƙatlur rahma, wato kisan jinƙai, shi ne likita ya gaggauta mutuwar majinyacin da aka yanke ƙauna daga warkewarsa, ko dai ta hanyar yi masa allura mai kisa, ko ta rubuta masa maganin da zai sha da hannunsa. Dokar da ta halatta wannan ta fara aiki a jihar Oregon ta Amurka a 1997, ƙasashen Holan da Beljiyam suka bi a 2002, Kanada kuma a 2016. A 2014 Beljiyam ta cire ƙayyade shekaru, har dokar ta shafi yara. Hujjar masu wannan ra'ayi ta tsaya a kan ginshiƙai biyu: tausayin mai shan azaba, da cewa mutum shi ne mamallakin ransa.

Ginshiƙi na biyun shi ne mararrabar da shari'a ta rabu da su. Rai a Musulunci amana ne a hannun bawa, mallakarsa ta Allah Maɗaukakin Sarki ce. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana mutum kashe kansa, kuma abin lura shi ne an rufe ayar da ambaton jinƙan Allah, kamar ana nuna cewa hanin kansa shi ne jinƙai. Aya ta 151 a Suratul An'ami da ta 33 a Suratul Isra'i sun haramta kashe rai sai da haƙƙi, kuma babu malamin da ya ƙirga tsananin ciwo cikin haƙƙoƙin da ke halatta jini. Hadisin Jundub ɗan Abdullahi, Allah ya yarda da shi, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya fi kusa da mas'alar: wani mutum daga mutanen da suka gabata ya ji rauni, ya kasa daurewa, ya yanke hannunsa da wuƙa har jini ya ƙare masa, sai Allah ya haramta masa Aljanna saboda ya yi gaggawa da ransa. Uzurin wannan mutum shi ne raɗaɗi, kuma ba a karɓa ba.

Magabata sun tattauna hukuncin wanda ya ce wa wani ya kashe shi, ya kuma yafe masa jininsa. Mashhurin mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil, shi ne ƙisasi bai faɗi ba, domin mamacin ya yafe haƙƙi tun kafin haƙƙin ya tabbata. Abu Hanifa ya ɗauki izinin a matsayin shubuha mai tunkuɗe ƙisasi, amma diyya ta wajaba. Shafi'iyya da Hambaliyya, a mafi rinjayen zancensu, sun sauke duka biyun. Ɗalibai kan ruɗe a nan, su zaci saɓanin ya taɓa halacci. Saɓanin a kan uƙubar duniya ne kawai. Dukkan mazhabobin sun haɗu a kan cewa aikin haramun ne kuma mai yin sa ya yi babban zunubi. Saboda haka yardar majinyaci ko sa hannun iyalansa ba sa wanke likita.

Inda mas'alar ta yi kauri shi ne a sashen kulawa ta musamman, domin a can ne ake cakuɗa kisa da barin magani. Neman magani ba wajibi ba ne a kowane hali. Matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri, ta zaɓi haƙuri, ba a kuma zarge ta ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin magani yana sauyawa: yakan wajaba idan barinsa zai kai ga halaka ko lalacewar gaɓa ko yaɗa cuta, yakan zama mustahabbi, ko halal kawai, ko ma makaruhi. Idan ƙwararru sun tabbatar magani ba ya amfanar da komai, illar wajabcin ta gushe. Wanda ya mutu bayan an dakatar da irin wannan magani cutarsa ce ta kashe shi, alhali wanda aka yi wa allurar guba aikin likita ne ya kashe shi.

A kan wannan asali ne Majalisar ta yanke a zaman Amman na 1986 cewa idan dukkan ayyukan ƙwaƙwalwa suka tsaya tsayawar da babu komowa, kuma ƙwararrun likitoci suka tabbatar, mutum ya mutu a shari'ance kuma ya halatta a cire masa na'ura, ko da zuciya na bugawa da taimakonta. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a 1987, ta yarda da cire na'urar bisa shaidar likitoci uku, amma ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan cirewar. Bambancin yana da tasiri a aikace: daga wane lokaci matarsa za ta fara takaba, kuma idan wani magajinsa ya rasu a tsakanin, wa ya gaji wa? Matsayar Makka ta fi dacewa da ƙa'idar cewa yaƙini ba ya gushewa da shakka, musamman a asibitocin da kayan gwajin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci.

Dole a taƙaita wannan rangwame a iyakarsa. Wanda ya daɗe a sume amma yana numfashi da kansa rayayye ne, kuma hana shi abinci da ruwa har ya mutu kisa ne ta hanyar bari. Malikiyya sun ɗora lamuni a kan wanda ya hana mai tsananin buƙata abincin da zai rayar da shi. Haka nan hukuncin yanke ƙauna na likitoci amintattu ne, ba na magajin da ya gaji da jinya ba. Amma iyalan da dukiyarsu ta ƙare da gaske, suka kasa biyan kuɗin na'ura, gajiyawa ce ta same su, kuma shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Nauyin a nan yana komawa kan hukuma da mawadata.

Saura batun raɗaɗi, wanda shi ne hujja mafi ƙarfi a hannun masu goyon bayan kisan jinƙai. Ba wa mai ciwon daji mofin gwargwadon abin da zai kwantar masa da ciwo halal ne, domin manufar ita ce sauƙaƙa azaba, kuma likita yana auna adadin da wannan manufa. Da zai ninka adadin da nufin tsayar da numfashi, da hukuncin ya koma kisan ganganci, ko da maganin bai canza ba. A yawancin asibitocin Afirka ta Yamma wannan magani yana wahalar samu, wasu iyalai kuma suna ƙin sa don zaton maye ne da shari'a ta hana, alhali malaman fiƙihu sun halatta abin da ke gusar da hankali saboda larurar jinya, kamar banju ga wanda za a yanke wa gaɓa.