Me Ya Sa Kamaru Ta Je, Mu Ba Mu Je Ba?

Tun da aka kammala gasar ƙwallon raga ta mata ta duniya a ƙasar Tailan, ranar 7 ga Satumba, 2025, akwai wata magana da ta ƙi mutuwa a bakin 'yan tsirarun da ke bin wasan a Maiduguri. Wai an yi wa Najeriya wariya. Hujjarsu ita ce an ƙara yawan ƙasashe daga 24 zuwa 32, ga Kamaru nan, wadda iyakarta ta fi mana Abuja kusa, ta samu kujera, mu kuwa ko ƙeyarmu ba a gani ba. Wasu suka ƙara gishiri, suka ce shi kansa teburin gasar akwai coge a ciki, tunda ana iya ganin ƙasa ta fi wata maki amma a ajiye ta a ƙasa.

Duka maganganun biyu daga wuri ɗaya suka fito. Mun tashi da ƙwallon ƙafa, da El-Kanemi Warriors da gidajen kallo, saboda haka kowane tebur muka gani da idon Firimiya muke karanta shi. Ƙwallon raga kuwa lissafinta daban ne.

Bari mu fara da teburin, domin shi ya fi jawo musu.

A Tailan an raba ƙasashe 32 gida takwas, kowane rukuni ƙasa huɗu, aka baza su a garuruwa huɗu: Bangkok, Chiang Mai, Nakhon Ratchasima da Phuket. Kowace ƙasa ta buga wasa uku, biyun da ke sama suka wuce. Har nan babu abin da zai ba mai kallon kofin duniya na ƙafa mamaki. Inda hanya ta rabu shi ne, a wannan wasa ba a yin kunnen doki. Wadda ta fara cin turmi uku cikin biyar ita ta yi nasara. Kowane turmi ƙwallo 25 ne, da sharaɗin tazarar biyu, in ban da na biyar da ake tsayawa a 15. Idan aka tashi 3-0 ko 3-1, mai nasara ta kwashe maki uku, ɗayar ta tafi hannu rabbana. Idan kuwa aka kai ruwa rana har turmi na biyar, aka tashi 3-2, mai nasara maki biyu za ta samu, wadda ta sha kaye ta tsira da ɗaya.

To amma ba makin ake fara dubawa ba. Abu na farko da hukumar ƙwallon raga ta duniya, FIVB, ke ƙirgawa shi ne wasa nawa ƙasa ta ci. Sai an yi daidai a nan sannan a waiwayi maki.

Duk iyayen da suka taɓa nema wa 'yarsu gurbi a Jami'ar Maiduguri sun san wannan lissafi, ko da ba su taɓa ganin raga ba. Ana neman kiredit biyar. Yarinyar da ta zo da A1 a darasi huɗu, sauran kuwa ta faɗi, ba za ta sha gaban wadda ta kawo C6 guda biyar ba, ko da kuwa in aka tara makinsu ta farkon ce a sama. Uban ta farko zai iya zuwa da kalkuleta ya yi ta dannawa har la'asar, ba abin da zai sauya, domin ba jimla aka tambaya ba, darasi nawa aka ci aka tambaya. Sai an samu yara biyu da kowace ke da biyar ɗinta, sannan a fara duba wa ta fi kyan sakamako. Idan nan ma sun yi daidai, a gangara ga wani ma'auni. Ba wanda ke kiran wannan coge, saboda an faɗi ƙa'idar tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa.

Haka abin yake a rukuni. A ce wata ƙasa ta ci wasa biyu, dukansu 3-2, aka kuma lallasa ta 3-0 a na uku. Nasara biyu ke nan, maki huɗu. Wata kuma ta ci wasa ɗaya 3-0, ta faɗi biyu da kyar, 2-3 da 2-3. Nasara ɗaya, maki biyar. Mai maki huɗu ce za ta wuce, mai biyar ta haɗa kayanta. Wanda ya ga wannan tebur a wayarsa bai san ƙa'ida ba, dole ya ce an yi rufa-rufa.

Akwai ma wanda ya fi wannan ciwo. Idan nasara ta zo ɗaya, maki ya zo ɗaya, sai a koma ga turmi. A nan ma mai kallon ƙafa zai yi saurin yin ragi, ya cire waɗanda aka ci ƙasa daga waɗanda ta ci. A ƙwallon raga rabawa ake yi. Ƙasar da ta ci turmi shida aka ci ta uku, ta samu 2. Wadda ta ci bakwai aka ci ta huɗu, ta samu 1.75. Da ragi ake yi, da sun yi daidai, uku da uku. Da yake rabawa ce, mai shida ta hau sama, kuma tana iya yiwuwa mai bakwai ɗin ce ta doke ta 3-0 da suka haɗu. "Ai mu muka ci su!" ba hujja ba ce tukuna. Bayan turmi sai a raba ƙwallayen da aka ci da waɗanda aka zura wa ƙasa, tun daga wasan farko. Sai wannan ma ya gaza raba gardama sannan a tambayi wa ya ci wa. Shi ya sa za ka ga ana 24 da 12, turmi ya riga ya tafi, amma mai horarwa na ta ɗaga murya a bakin layi. Ya san wannan ƙwallo ɗaya tana iya zama abin da zai raba su da jirgin komawa gida bayan kwana huɗu.

Daga rukuni sai sili-ɗaya-ƙwale: 'yan 16, 'yan takwas, kusa da na ƙarshe, sai na ƙarshe. Ta ɗaya a wani rukuni ita ke haɗuwa da ta biyu a wani, don haka wucewa kaɗai ba ta isa ba, matsayin da aka wuce da shi ma abin dubawa ne. Sabiya, wadda ta ɗauki kofin a 2018 da 2022, ta sha kaye a hannun Japan a rukuni, ta ƙare ta biyu. Wannan ya haɗa ta da Holan, kuma a nan tafiyarta ta ƙare da 3-2. Faransa ma ta fitar da Sin a wannan zagaye. A tsohon tsarin 2022, lokacin da Holan da Poland suka karɓi baƙunci, tuntuɓe ɗaya ba ya kashe babbar ƙasa da wuri haka, domin akwai zagayen rukuni har biyu, kuma sai da Sabiya ta buga wasa 12 kafin ta ɗaga kofi. A 2025 wasa bakwai Italiya ta buga. Gasar gaba ɗaya ta sauko daga wasa 100 zuwa 64, duk da an ƙara ƙasa takwas. Ni dai a ganina sabon tsarin ya fi daɗin kallo, amma ya rage wa ƙananan ƙasashe abin da suka fi buƙata. A da, wadda ta fi kowa rauni tana samun wasa biyar da manya. Yanzu uku ne, a sallame ta.

Yanzu sai batun wariya.

Ba a aika wa kowa goron gayyata zuwa wannan gasa. Kujeru 32 ɗin an san yadda aka raba su tun da wuri: ɗaya ta mai masauki, ɗaya ta mai riƙe da kofi, sai uku-uku ga nahiyoyi biyar bisa sakamakon gasanninsu na 2023, wato 15. Ragowar 15 kuma aka bi teburin martabar ƙasashe na duniya aka ɗauko daga sama. Idan mai masauki ko mai kofi ta faɗo cikin ukun farko a nahiyarta, ta huɗu ce ke cin gajiya. Ta haka Biyetnam ta shiga, domin Tailan ce ta ci gasar Asiya kuma tana da kujerarta tun asali.

Kujerun Afirka uku a Yawunde aka raba su, a watan Agusta na 2023. Kenya ta doke Masar a wasan ƙarshe ta ɗauki kofinta na goma, Kamaru ta zo ta uku, Ruwanda ta huɗu. Najeriya tana wurin, kuma Kenya ce ta tare ta tun a zagayen 'yan takwas. Shekara biyu kafin nan, a Kigali, a gasar da aka kori mai masauki Ruwanda saboda saka 'yan wasa 'yan asalin Brazil da ba su cika ƙa'ida ba, mun zo na huɗu. Lokacin kuwa kujera biyu ce kacal, Kamaru da Kenya suka tafi da su. Ke nan Kamaru ba alfarma aka yi mata ba. Ita ta ci kofin Afirka sau uku a jere, 2017, 2019 da 2021.

In akwai abin ƙorafi, yana ga ƙofa ta biyu, ta teburin duniya. Daga cikin kujeru 15 ɗin nan, Turai ta kwashi 12, sauran ukun suka tafi ga Kyuba, Meziko da Puerto Rico. Afirka ba ta samu ko ɗaya ba. Da aka gama lissafi, rabin ƙasashen gasar, 16 cif, daga Turai suke. Ƙarin kujera takwas da aka yi ta yayatawa, ɗaya tak ya ƙara wa nahiyarmu.

Dalili kuwa yana cikin yadda ake tara makin. Tun 2020 FIVB ke sabunta teburin bayan kowane wasa. Kafin a buga, ana ƙiyasta sakamakon da ya kamata a samu bisa ƙarfin ƙasashen biyu. Wadda ta yi fiye da abin da aka zata, a ƙara mata, wadda ta gaza, a rage mata, kuma har yawan turmin da aka ci yana shiga lissafi.  Manyan gasanni sun fi ƙanana nauyi, ƙasar da ta daɗe ba ta buga ba kuma ana zaftare mata. To ƙasashen Turai kusan kowace shekara suna da gasar da za su buga da junansu, manyansu kuma suna cikin gasar shekara-shekara ta VNL da aka fara a 2018, wadda har zuwa 2025 babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ɓangarenta na mata. Wanda ba ya buga wasa ba shi da inda zai samo maki. Wannan rashin daidaito ne na gaske, kuma ya dace hukumar Afirka, CAVB, ta riƙa ɗaga murya a kansa. Sai dai bai hana Kenya ba, wadda ƙungiyoyinta irin su Kenya Pipeline, Prisons da KCB suka daɗe suna ɗaukar kofunan nahiya. A Tailan ita kaɗai ce daga Afirka ta ci wasa, ta doke Biyetnam 3-0 a Phuket. Masar da Kamaru sun dawo ba nasara, kuma cikin ukun ba wadda ta tsallake rukuni.

Mu ma muna da gasar cikin gida, kuma yawancin ƙungiyoyin da ke tashe a cikinta na hukumomin kaki ne, irin su Kwastam da sojoji. Wannan ya rufa wa wasan asiri, domin aƙalla 'yan wasa suna da albashi. Amma ya kuma nuna inda jihohi suka janye jiki. Filin ƙwallon raga mita 18 ne a 9, raga ta mata tsayinta mita 2.24, sai ƙwallo ɗaya da yara goma sha biyu. Da wuya a samu wasan da ya fi shi araha ga makarantar 'yan mata da ke da katanga da ɗan fili, irin waɗanda muke da su daga Bulumkutu har Gwange. Iyayen da ke ɗari-ɗari saboda sutura, kuma damuwarsu abar saurare ce, su dubi 'yan wasan Masar: akwai masu buga wasa da ɗankwali da dogon hannu da dogon wando, doka ba ta hana ba.

Wani abin da ke ƙara hura wutar musun shi ne Paola Egonu. Iyayenta 'yan Najeriya ne, an haife ta a Italiya a 1998, ita ce gwarzuwar gasar Olamfik ta Paris a 2024, kuma tana cikin waɗanda suka doke Brazil 3-2 sannan suka doke Turkiyya 3-2 a Bangkok, Italiya ta ɗauki kofin duniya na biyu bayan na 2002. Sai ka ji ana cewa ai tamu ce, sun ƙwace. Tun tana ƙarama take cikin tsarin horar da matasa na Italiya, a can aka koya mata tsalle da duka, a can ta samu gasar da take bugawa kowane mako. Ba abin da aka ƙwace mana a nan, domin ba mu muka yi wahalar ba.

Gasar da aka fara a Mosko a 1952, wadda aka daɗe ana yi duk bayan shekara huɗu, yanzu ta koma duk bayan shekara biyu. Ta gaba a 2027 ce. Wannan na nufin ƙofar Afirka za ta riƙa buɗewa sau biyu a tsawon lokacin da a da take buɗewa sau ɗaya, kuma a filin gasar nahiya za a sake raba kujerun, tsakaninmu da Kenya da Masar da Kamaru da Ruwanda. Idan jami'an wasanni suka zo bayan nan suna cewa an kusa, saura ƙiris, akwai tambayoyi biyu da ke da amsa a rubuce: wasa nawa tawagar mata ta buga da wata ƙasa a shekarar da ta gabata, kuma ta nawa ta ƙare a rukuninta kafin ta faɗa hannun Kenya a Yawunde.