Robar maganin da ake ɓare wa takarda

A yawancin gidaje mace ce ke fara sani. Ta je awon ciki, a asibitin Yariman Bakura da ke Gusau ko babban asibitin Tsafe, an ɗebi jininta, malamar asibiti ta ja ta gefe ta yi ƙasa da murya. Ta koma gida da robar magani, kafin ta kai ƙofa ta ɓare takardar jikinta, ta cusa ta ƙasan akwati tsakanin atamfofin da ba a ɗinka ba. Idan an yi dace maigida ya yarda aka gwada shi, sai a tarar ba ya da komai. Nan ake fara kallon-kallo, domin mutane sun ɗauka ba yadda za a yi miji da mata su shekara biyar a gado ɗaya, ɗaya na ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki, ɗaya ba ya da ita. Alhali hakan ba sabon abu ba ne. Ba kowace saduwa ce ke yaɗa cutar ba, kuma wata tun a auren fari ta samo ta.

Tambayar da dangi ke yi ita ce, a raba auren ko a bar shi? Likitoci sun jima da samun amsa.

A 2011 aka fitar da sakamakon binciken HPTN 052, wanda ya bi irin waɗannan ma'aurata 1,763 a ƙasashe tara, ciki har da Malawi da Kenya da Zimbabuwe. An samu mutum 28 da suka ɗauki cutar daga abokan zamansu, amma ɗaya tak ne daga gidajen da aka fara magani da wuri. Hujja mafi ƙarfi kuwa ta fito ne daga inda mai karatu a Zamfara ba zai yi zato ba. Binciken PARTNER2, wanda Alison Rodger ta jami'ar UCL a Landan ta jagoranta, aka buga a mujallar The Lancet a 2019, ya bi maza masu zaman tare da maza 'yan'uwansu a ƙasashen Turai 14. An mayar da hankali kansu ne domin irin saduwarsu ta fi saurin yaɗa ƙwayar. Cikin irin wannan zama 782, an ƙirga saduwa sama da 76,000 ba da kororon roba ba, kuma babu ko mutum ɗaya da ya ɗauki cutar daga abokin zamansa mai shan magani wanda ƙwayar ta kwanta a jininsa, wato ƙasa da ƙwaya 200 a kowane mililita na jini.

Sai dai mutum 15 sun kamu. Da aka kwatanta tsatson ƙwayar jikinsu da ta abokan zamansu, ba su yi kama ba. Daga waje suka kwaso ta. A ganina wannan ne ya fi shafar mu. Wanda ake ƙyamar kofinsa, ake ware masa kwano, shi ne ya fi kowa rashin haɗari muddin yana kan magani. Ɓarnar tana shigowa ta hannun wanda ake yi wa kallon mai lafiya, wanda ba mai tambayarsa inda ya kwana.

A Turai masu irin wannan zama kan ƙulla yarjejeniya baki da baki: ko ba mai neman kowa a waje, ko wanda ya saɓa ya faɗa a je a yi gwaji. A nan Zamfara dokar shari'a ta jiha, tun 2000, da dokar tarayya ta 2014 sun haramta alaƙar jinsi ɗaya, don haka mai yin ta ba zai buɗe baki ko gaban likita ba. Wasunsu na da mata da 'ya'ya, kuma matar ce ke biyan kuɗin wannan shirun. Amma ko an ajiye wannan gefe, gidan mai mata biyu ko uku ya fi buƙatar magana a fili, saboda jinin mutum uku ko huɗu ne ke haɗe a rabon kwana ɗaya. Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, abin a yaba ne. Takardar gwaji dai labarin ranar da aka ɗebi jini take bayarwa, ba ta san abin da zai faru bayan an watse daga walima ba.

Abin da ma'aurata za su daidaita a kai bai da yawa. A sha ƙwaya ɗaya kullum a kan lokaci. A riƙa gwajin yawan ƙwayar cutar, kuma kafin a tabbatar ta kwanta, abin da kan ɗauki har wata shida, a yi amfani da kororon roba, ko mai lafiyar ya sha maganin rigakafi na PrEP. Shi ma ya riƙa gwada kansa. Kar a ƙara aure sai amarya ta san halin da ake ciki. Haihuwa kuma ba ta haramta gare su ba, uwar da ke kan magani na haifar ɗa lafiyayye.

Inda gizo ke saƙar a Zamfara shi ne hanya. Maganin kyauta ne, amma idan aka daina sha, cikin 'yan makonni ƙwayar ke sake tasowa, kariyar abokin zama ta tafi. Matar da 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyensu a Bungudu, ko wadda ke tsoron hanyar Tsafe zuwa Gusau, ga shi mijinta bai san abin da ke ƙasan akwati ba, da wane dalili za ta nemi izinin fita da kuɗin mota? Asibitoci kan ba wanda jininsa ya daidaita maganin wata uku ko fiye a zuwa ɗaya, kuma idan maigida ya sani, shi ma yana iya biyawa ya karɓo mata ranar da ya shiga gari cin kasuwa.