Yadda Ake Kwashe Fayiloli Daga Tsohuwar Kwamfuta Zuwa Sabuwa

Duk abin da aka adana a kwamfuta yana zaune ne a faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis. Gilashi na iya fashewa, batir ya mutu, madannai su daina aiki, amma muddin faifan yana da rai, takardu da hotuna suna nan daram. Saboda haka sauya kwamfuta aiki biyu ne: sayen sabuwa, da kwaso kayan tsohuwa. A garuruwa irin Fassi ta ƙaramar hukumar Kibiya da maƙwabciyarta Rano, inda kwamfuta ɗaya a shagon buga takardu ko ofishin makaranta kan riƙe sakamakon jarrabawa, katunan biki da takardun cinikin gona na shekara da shekaru, aiki na biyun ya fi na farko nauyi.

Dalilin sauyin ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa tana buƙatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Mai shago kan nufi titin Beirut a birnin Kano ya sayo wata, sabuwa ko ta hannu, sai ya dawo gida ya tarar da tambayar yadda zai yi da aikinsa na baya.

Abin da ke ƙaura da wanda ba ya ƙaura

Takardu, hotuna, bidiyo da karatuttuka duk ana iya kwafe su. A Windows, yawancinsu suna cikin foldar Users da ke faifan C, ƙarƙashin sunan mai kwamfutar, kuma a nan ake samun Desktop da Documents da Downloads da Pictures. Manhajoji irin su Word da CorelDRAW ba sa ƙaura ta hanyar kwafi, domin lokacin ɗora su sun baza sassansu a wurare daban-daban na Windows. Dole a sake ɗora su, don haka ya kamata a nemo lambobin rajistarsu tun kafin a taɓa komai.

Akwai wata matsala da ta keɓanci masu buga Hausa. Kafin haruffa masu lanƙwasa su samu gurbi a kwamfutoci, an yi amfani da salon rubutu na musamman irin Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro. Idan aka buɗe takardar da aka buga da su a kwamfutar da ba ta da su, sai a ga "}asa" a madadin "ƙasa". Takardar ba ta lalace ba. Maganin shi ne a kwafo salon rubutun daga foldar Fonts da ke cikin foldar Windows, a ɗora a sabuwar.

Hanyoyi uku

Idan tsohuwar kwamfuta tana tashi, hanya mafi sauƙi ita ce filash ko faifan waje. Sai dai filash ɗin da aka tsara a kan FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, ko da akwai fili a cikinsa, shi ya sa bidiyon biki kan ƙi shiga. Yi masa fomat zuwa exFAT ko NTFS yana kawar da wannan, amma yana goge abin da ke ciki. Filash ɗin da ya zagaya shaguna kuma yakan ɗauko bairos mai ɓoye foldoji, don haka a tace shi kafin ya shiga sabuwar kwamfuta.

Hanya ta biyu ita ce intanet. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive kuma 5. Wannan ya isa ga takardu, amma kuɗin data ninki biyu ne, na ɗorawa da na saukewa, kuma inda sabis ke rawa aikin kan yanke a tsakiya.

Ta uku ita ce ciro faifan kansa, kuma ita kaɗai ke aiki idan kwamfutar ta mutu. Ana kashe ta, a zare caja da batir, a kwance ƙusoshin murfin ƙasa, a zaro faifan a hankali. Na kwamfutar cinya inci 2.5 ne, ana zura shi a ɗan gidan da ake kira kesin, a jona da kebul na USB, kuma daga nan yake shan wuta. Na kwamfutar tebur inci 3.5 ne, yana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 12, don haka sai da cajarsa ta daban. A duba bakinsa kafin a sayi kesin: na SATA, wanda ya bazu daga 2003, yana da baki siriri mai lanƙwasa, na IDE kuwa yana da jerin allurai 40 a babba, 44 a ƙarami. Idan an jona, faifan zai bayyana da sabon harafi, kamar E ko F.

Wuta da lokaci

Tsohon had-dis faranti ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, da wani ɗan hannu mai karatu da ke shawagi dab da fuskarsa. Girgiza ko faɗuwa yana cikin aiki na iya sa hannun ya karce farantin. A ajiye shi a tebur mai tsabta, nesa da ƙurar hunturu da janareta mai jijjiga. Ta ramin USB 2.0, kwafin gigabait 100 kan ci kusan awa ɗaya, ƙananan fayiloli masu yawa ma sun fi haka. Ramin USB 3.0, mai shuɗin harshe, ya fi sauri nesa ba kusa ba. Tunda wutar KEDCO ba ta sallama kafin ta tafi, a fara aikin da cikakken caji ko a kan sola, a kuma kwafi folda bayan folda, mafi muhimmanci da farko. Kwafi ake yi, ba yankewa ba, domin asalin ya zauna inda yake.

Cikas da aka fi gamuwa da su

Idan Windows ta ce babu izinin shiga foldar Users, sai a amince da buƙatar da ta nuna daga asusun mai iko da kwamfutar. Idan an kulle faifan da BitLocker, sai da makullin ceto mai lambobi 48, wanda galibi yake ajiye a asusun Microsoft na mai shi. Idan Windows ta nemi a yi wa faifan fomat kafin a buɗe, kada a yarda, domin yarda na nufin share jerin fayilolin. Idan kuwa faifan yana ƙas-ƙas, a cire shi nan take a kai wa ƙwararre, saboda kowane kunnawa ƙara ɓarna yake yi.

Bayan an gama

A gwada adadin fayiloli da nauyin kowace folda a ɓangarorin biyu, sannan a buɗe wasu takardu da bidiyo a tabbatar suna aiki. Sai bayan wannan ake maganar sayar da tsohuwa. Gogewa ko fomat na gaggawa ba ya kawar da bayanai, manhajar ceto na iya dawo da su. Cikakken fomat, tun daga Windows Vista, yana bin faifan gaba ɗaya ya rubuta sifiri a kansa. Wannan ya zama wajibi ga shagon da ya taɓa sarrafa takardun NIN da BVN na jama'a, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a kan wanda ya karɓa. Faifan da yake da lafiya kuma an fi cin moriyarsa idan aka bar shi a kesin, ana zuba masa kwafi na biyu lokaci-lokaci, ana ajiye shi a wani ɗaki daban da na kwamfutar.